Kaka a Jami'ar Yamai: komawa karatu, wasanni da tarukan ɗalibai tun daga 1971

Shekarar karatu a Nijar gadon Faransa ce. A can ana komawa makaranta idan zafi ya wuce, ganyen itatuwa ya fara zuba. Aka ɗauko wannan tsari yadda yake, aka dasa shi a ƙasar da watan Oktoba ya faɗo daidai tsakiyar kaka. Lokacin ne ake yankan gero, ana ɗaurin dammuna ana kai wa rumbu, manomi ya samu sararin da bai samu ba tun saukar ruwan fari. Sa'an nan ake ɗaura aure, ƴan kokowa su shiga fili, makaɗa su bi gari gari, samarin Damagaram kuma su shirya wasan kara inda suke kwaikwayon sarki da fadawansa. Wato a daidai watan da ƙauye ya buɗe baki yana waƙa, a watan ne ɗansa mai karatun boko yake ɗaure kaya ya nufi Yamai. Abin da za a duba a nan shi ne yadda wannan haɗuwa ta kalanda biyu ta shafi rayuwar ɗaliban jami'a, da kuma harshen da aka yi rayuwar da shi.

Kafin 1971 babu jami'a a ƙasar. Wanda ya gama lise sai ya tafi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Rikicin da aka yi a Jami'ar Dakar a watan Mayu na 1968, inda hukuma ta mayar da ɗalibai baƙi ƙasashensu, yana cikin abubuwan da suka nuna wa gwamnatocin yankin cewa dogara ga makarantar maƙwabci ba ta da tabbas. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, aka fara da fannin kimiyya, masanin lissafi Bubakar Ba yana shugabancinta. A 1973 ta zama Jami'ar Yamai. Mazauninta yana hayin kogi, a Haro Banda, wato bayan ruwa da Zabarmanci, kuma gadar Kenedi da aka gama a 1970 ita ce ta haɗa ta da gari. Wannan gada za ta sake fitowa a labarin.

Kakar da aka haifi jami'ar cikinta ba kakar albarka ba ce. Fari ya ci amfanin gona a 1973, dabbobi suka mutu, ƴan gudun yunwa suka yi sansani a bakin Yamai. Ɗalibin da ya dawo daga babban hutu ya ga rumbun ubansa da idonsa, ba ya bukatar jarida ta gaya masa. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 1974 ƴan makaranta suka yi ta yaji, kuma a ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kawar da gwamnatin Diori Hamani. Ba ɗalibai suka yi juyin ba, amma tun daga nan aka gane cewa komawa karatu ita ce lokacin da labarin ƙasa duka yake taruwa wuri guda: na Adar ya zo da nasa, na Gobir da Katsinar Maraɗi da nasu, na Damargu, na Arewa, na Manga, kowa da abin da ya gani a damina. Ƙungiyar ƴan makarantar Nijar, USN, wadda aka kafa tun 1960, ta samu a ɗakunan kwanan jami'a abin da ba ta da shi a da, wato mazauni na dindindin.

Rayuwar makonnin farko ba ta da wuyar kwatantawa, domin duk wanda ya zauna a wurin ya san ta. Akwai neman ɗaki, da layin gidan abinci, da jiran kuɗin tallafin karatu wanda jinkirinsa ya sha zama mafarin yaji. Akwai kuma ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya ko jaha ɗaya, waɗanda su ne ke tarbar sabon zuwa, su nuna masa inda zai sa kansa, su shirya daren al'ada da kiɗa da rawa da ɗan wasan kwaikwayo. A nan ne ake ganin rabon aiki tsakanin harsuna. Darasi da Faransanci ake yin sa. Babban taron ɗalibai da Faransanci, takardar koke da Faransanci, sanarwar da aka manna a bango ma haka. Amma hira a gindin bishiya, da barkwanci tsakanin Bagobiri da Bazabarme, da kirari, da waƙar da ake yi wa mai rowa a gidan abinci, da wasan da ke sa mutane dariya har hawaye, waɗannan da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak ake yin su. Harshe ɗaya ya samu takarda, sauran suka samu iska.

Wannan abin mamaki ne idan aka tuna irin mutanen da ke kewaye da jami'ar a shekarun. A 1974 aka shigar da cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam, IRSH, cikin jami'a, tare da tarin rubuce-rubucen Larabci da na ajami da Bubu Hama ya yi shekaru yana tarawa. A gari ɗaya akwai cibiyar nazarin harshe da tarihi ta hanyar adabin baka, CELHTO, wadda aka fara a 1968, Julde Laya ya daɗe yana riƙe da ita; a can aka yi taron daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya a watan Janairu na 1980. Andre Salifu ya wallafa tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971, Jibo Hamani ya fitar da na Adar a 1975, dukkansu sun sha daga bakin dattawa masu Hausa, dukkansu kuma da Faransanci suka rubuta. Wasan kwaikwayon Salifu a kan Sarkin Damagaram Tanimu, wanda aka buga a 1973, shi ma da Faransanci ne. Abdu Mumuni, masanin hasken rana da ya karɓi shugabancin jami'ar a 1979, tun a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya riga ya kafa hujja cewa a koyar da yara da harsunansu. Saboda haka ba ra'ayi aka rasa ba, ba kuma masana ba. Abin da ya faru shi ne aikin rubuta Hausa ya bi wata hanya dabam: ma'aikatar yaƙi da jahilci da aka kafa a 1963, da makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973, da cibiyar INDRAP mai shirya littattafan koyarwa, inda irin su Abdu Mijinguini mai Ƙaramin Ƙamus suka yi aiki. Hanyar ta wuce ta bayan ɗakin kwanan ɗalibi, ba ta shiga ciki ba.

A nan kalanda ta yi ɓarnar da ba a cika lissafa ta ba. Ajin yaƙi da jahilci na rani ne, domin sai an kai amfani gida manomi ke zama ya riƙe alli. Ɗalibi kuwa damina yake gida, lokacin da kowa na gona daga hantsi har la'asar. Ƙungiyoyin ƴan gari sukan shirya darussan hutu, amma ƙannensu ƴan lakwal suke koya wa lissafi da Faransanci, ba iyayensu ba. Da kaka ta yi, mai ilimi ya tafi, mai bukata ya samu lokaci. Mutanen da suka fi kowa yawan karatu a ƙasar da aikin da ya fi kowane bukatar masu karatu sun yi shekaru suna saɓani a kan hanya kamar masu wasan ɓuya.

Gwamnatin Seyni Kunce ma ba jami'a ta ɗora wa sha'anin al'ada ba. Samariya ta farfaɗo da ita, ta kuma kafa bikin matasa na ƙasa da ake yi kowane Afrilu, ana zagayawa da shi manyan biranen jahohi. Wasan kwaikwayon Hausa da ya yi suna a lokacin, irin na ƙungiyar Yazi Dogo a Damagaram, na malaman lakwal ne da ma'aikata da ƴan kasuwa, ana tsara shi da baki a yi ta maimaitawa, rediyo da talabijin su ɗauka. Sai daga baya malaman jami'a irin su Shaibu Ɗan Inna suka mayar da shi abin nazari. Tsakanin soja da ɗalibai kuwa zaman doya da manja aka yi. A watan Mayu na 1983 aka kwashi ɗalibai da dama zuwa sansanin soja na Tondibiya, ɗaya daga cikinsu, Amadu Bubakar, ya rasu a hannun hukuma. Dandalin da ɗalibai ke yin babban taronsu sunansa aka sa masa, ana taƙaita shi da haruffa biyu na farko.

Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987, Ali Saibu ya gaje shi ya sassauta. Amma baitulmali ya riga ya bushe tun faɗuwar kuɗin yuraniyom, kuma shirin gyaran ilimi da aka ƙulla da Bankin Duniya ya taɓa tallafin karatu da kuma tabbacin samun aikin gwamnati bayan gamawa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka taso daga Haro Banda za su shiga gari, aka tare su a gadar Kenedi aka buɗe wuta, uku suka mutu. Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A tsakiyar Nuwamba 1990 Ali Saibu ya amince da jam'iyyu da yawa. Ranar 29 ga Yuli 1991 aka buɗe babban taron ƙasa a zauren wasanni na Yamai, aka ba Andre Salifu, malamin tarihi na jami'ar, kujerar shugabanci, USN kuma ta zauna a matsayin ɓangare mai murya daidai da ƙungiyar ma'aikata da jam'iyyu. Taron ya cinye damina ya shiga kaka, bai watse ba sai 3 ga Nuwamba, bayan ya naɗa Amadu Shefu firayim minista. A kakar nan ba a aji aka samu shugabannin ɗalibai ba, a zauren taro suke suna tuhumar ministoci. Rediyo na watsa muhawarar kai tsaye, manomi na saurare a bakin gona, mai jin Faransanci yana juya wa na kusa da shi. Ko a ranar da ɗalibai suka fi kusa da mulki, da tafinta suka isa kunnen iyayensu.

A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdu Mumuni, wanda ya rasu a Afrilun 1991. Shekarun da suka biyo sun karya kalandar kanta. Albashi ya yi ta makara, yaji ya bi yaji, aka soke wasu shekarun karatu ɗungurungum, wasu kuma suka hau kan juna har wani sashe na fara shekara a watan da wani ke jarrabawa. Kaka ta daina zama ƙofa ɗaya da kowa ke shiga ta cikinta. Rayuwar al'ada ma ta rarrabu. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi suka yi ƙarfi da wa'azi da laccoci, jam'iyyu suka buɗe rassa, fada da shayinta ta zama majalisar samari, kuma a ƙarshen shekarun 1990 mawaƙan rap irin su Lakal Kaney da Ƙa'idan Gaskiya suka fito suna cuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci a waƙa ɗaya. Abin lura shi ne wa'azi da rap, waɗanda ba su jira izinin kowace cibiya ba, su ne suka fara hawa da harsunan ƙasa kan mumbari a gaban ƴan boko.

Dokoki sun zo a hankali: dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, kundin da aka zartar a Maris 2025 kuma ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. A 2010 aka buɗe jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, ta Tawa ta ɗauki sunan Jibo Hamani daga baya, ta Damagaram ta ɗauki na Andre Salifu. Ɗalibin waɗannan uku bai yi nisa da gonar ubansa kamar na 1973 ba. Yana iya zuwa yankan gero ranar Asabar ya dawo aji Litinin, kuma garin da ke bakin ƙofar makarantarsa da Hausa yake ciniki.

Mai neman tarihin shekarun farko zai tarar da takardun koke da sanarwoyin USN da rahotannin jarida, duk da Faransanci, su ne rabin labari. Ɗaya rabin, na waƙoƙin daren al'ada da wasanni da laƙabobi da kalmomin da ɗalibai suka ƙirƙira wa gidan abinci da jarrabawa da kuɗin tallafi, yana bakin waɗanda suka zauna Haro Banda tsakanin 1973 da 1983. Mafi ƙanƙantarsu ya haura sittin.