Layin Dogon Abijan: Hanyar da Ba Ta Mutu Ba Balle a Gaje Ta

A manyan biranen Turai da Amurka, idan jirgin ƙasa ya daina bin wani layi, akan kwashe ƙarafan, a yi daɓe, a dasa itatuwa, wurin ya koma hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke. Haka Paris ta yi da wani ɓangare na layin Vincennes da aka rufe a 1969, ta buɗe shi a 1993 da sunan Promenade plantée. New York ta biyo baya da High Line, wanda jirgi ya bi karon ƙarshe a 1980, aka buɗe sashensa na farko a 2009, ko da yake can ba a yarda a hau keke ba. Dalilin a fili yake: jirgi ba ya son hawa da gangara, saboda haka filin da ya bari shimfiɗaɗɗe ne, dogo, ba gini a tsakani. Ba banza Bahaushe ya kira shi layin dogo ba. Irin wannan fili idan aka yayyanka aka rabar, ba a sake haɗa shi. Shi ya sa dokar Amurka ta 1983 ta ba da damar a mai da layi hanyar ƙafa a matsayin ajiya, har ranar da jirgi zai sake bukatarsa.

Labarin Abijan ya bi wata hanya dabam, domin a nan dogo ne ya haifi garin. A 1904 Turawan Faransa suka fara shimfiɗa layi daga bakin tafkin Ebrié zuwa arewa, lokacin hedikwatar mulki tana Bingerville. Da aikin tilas aka gina shi, kuma a watan Janairu na 1910 mutanen Abbey suka yi bore a yankin Agboville, suka lalata layin. Duk da haka jirgi ya isa Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954. An sa masa suna Abijan-Neja, amma bai taɓa kaiwa kogin Neja ba, balle Yamai. A 1934 ɗin nan ne Abijan ta zama babban birnin Kwaddibuwa.

Tsarin garin ya fito da manufar masu mulki ƙarara. Turawa suka zauna a unguwar Plateau, baƙar fata kuma aka tura su gefe biyu: Adjamé a arewa, bayan barikokin soja, Treichville a kudu, ƙetaren ruwa. Layin ya ratsa dukan ukun. Gada mai yawo bisa ruwa ta haɗa Plateau da Treichville a 1931, sannan a 1957 aka buɗe gadar Houphouët-Boigny mai hawa biyu, motoci a sama, jirgi a ƙasa. Bayan haƙa mashigin Vridi a 1950 da buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, jirgin ya yi ta sauke leburori da dabbobi daga arewa, unguwannin biyu suka cika da baƙi: Mosawa, Julawa, Zabarmawa da Hausawa fatake, waɗanda tun kafin zuwan Turawa goro ya saba da su da ƙasashen kurmi.

Daga baya kwalta ta kwashe wa dogo fasinjoji. Hukumar RAN, wadda Kwaddibuwa da Burkina Faso suka yi tarayya a kanta, ta rabu a 1989, kuma a 1995 aka miƙa layin ga kamfanin Sitarail, wanda ƙarfinsa ke kan dakon kaya. Jirage suka yi ƙaranci, amma ba su ɗauke ba. A nan ne abin lura yake. Abin da Paris ta yi da taswira da kasafin kuɗi, talakan Abijan ya riga ya yi da ƙafarsa ba tare da izinin kowa ba. Wanda ba shi da kuɗin gbaka, wato ƙananan bas na haya, ko ya gaji da cunkoson Adjamé, sai ya bi gefen dogo. Inda ƙafa ta yawaita kuwa kasuwa kan ci, sai tebura da rumfuna, daga nan gidaje. Hanya ce ta tilas, ba inuwa ba fitila, ga hatsarin jirgi. Bai kamata a kwatanta ta da wurin shan iska ba.

Da hukuma ta waiwayi wannan fili, jirgi ta sake nufa da shi. Ranar 30 ga Nuwamba 2017 Shugaba Alassane Ouattara da Shugaba Emmanuel Macron suka ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari, wato metiro, a Treichville. Layin zai kai kimanin kilomita 37, daga Anyama ta Abobo, Adjamé, Plateau da Treichville har Port-Bouët, yana bin sawun tsohon dogo, rukunin kamfanonin Faransa da suka haɗa da Bouygues da Alstom ke riƙe da aikin. Daga 2021 aka shiga rushe gine-ginen da suka hau filin, dubban mutane suka tashi, aka kuma yi ta taƙaddama kan diyya.

Ga birni mai mutane fiye da miliyan biyar, zaɓin yana da hujja: fili ɗaya ne tak ya ratsa shi daga arewa zuwa kudu ba yankewa, kuma jirgi zai ɗebi jama'ar da hanyar keke ba za ta iya ba. Sai dai jirgi mai gudu da yawan zirga-zirga dole a killace shi. Mai tallan da ke tsallake ƙarafa tsakanin ɓangarorin Adjamé da kaya a ka, nan gaba sai ta nemi gadar ƙafa, ta hau ta sauka. Tsarin aikin ya tanadi irin waɗannan gadoji, kuma tazarar da ke tsakaninsu ce za ta nuna yawan tafiyar da aka ƙara mata.