Raƙuman Um Idla da Gurbin da Aka Bari a Takarda

Ranar 20 ga Janairu 1941 Sarkin Habasha Haile Selassie ya sake taka ƙasarsa bayan kusan shekara biyar yana gudun hijira. Littattafan tarihi duk suna kawo wannan rana, amma ba kasafai mai karatu yake lura da wurin da abin ya faru ba. A Um Idla ne, a bakin kogin Dindir, can wajen da ya gangaro daga duwatsun Habasha ya shigo Sudan. Wato wannan kogin namu da yake ƙafewa da rani, ya bar yashi da 'yan tafkuna nan da can, ta nan aka bi aka mayar da sarki kan gadonsa. Ni mutumin wannan yanki ne, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar waɗanda suka yi wannan tafiya da ƙafafunsu, da yadda takarda ta yi da su daga baya.

Sai na ɗan koma baya saboda 'yan'uwa na Kano da Maraɗi, waɗanda har yau wasunsu suke mamaki in aka ce akwai garuruwan Hausawa a Sudan. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutanenmu a nan. Amma babbar igiyar ta zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har suka sauka a bakin Nil Azrak kusa da Sinnar a 1906, garin da har yau ake kira da sunansa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai buƙatar hannu ta ƙara jawo wasu. Ƙauyuka suka bazu a bakin Nil Azrak da Dindir da Rahad, ana noma, ana su, ana ƙwadago a gonakin auduga. Larabawa suka haɗa mu duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, suka ce Fallata.

A wannan shekarar ta 1925 ce kuma aka kafa Rundunar Tsaron Sudan, sojoji 'yan ƙasa, manyan hafsoshi Ingilishi. Da Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu a Yuni 1940, tana riƙe da Habasha da Eritriya, nan da nan iyakar gabas ta kama da wuta. A cikin Yuli sojojinta suka kama Kasala da Gallabat da Kurmuk. Ingila ba ta da isassun mutane a Sudan, don haka ta yi dabarar tayar wa Italiya tarzoma daga cikin gida: a shigar da Haile Selassie ta yamma, 'yan gwagwarmayar lardin Gojjam su taru a bayansa. Aka danƙa aikin ga wani hafsa mai taurin kai, Orde Wingate. Ya kira ƙungiyarsa Rundunar Gidiyon. Ba su kai mutum 2,000 ba: bataliya ɗaya ta Habashawa, da Bataliyar Kan Iyaka ta sojan Sudan a ƙarƙashin Hugh Boustead, sai 'yan tsirarun Turawa.

To, da me za a kai harsashi da abinci saman duwatsun Gojjam inda babu hanyar mota? Da raƙumi. Aka bazama kasuwannin Sudan ana saye, aka tara kimanin raƙuma 15,000, aka ɗauki masu jan akala haya. Duk wanda ya san raƙumi ya san dabbar fili ce da yashi. Aka tura su hawan dutse da kaya a baya, ga sanyin tudu, ga rashin abincin da suka saba. Suka yi ta faɗuwa a hanyar dutsen Balaya da gaba da shi, har Turawan da suka rubuta labarin tafiyar suka ce mushen raƙuma ya isa ya nuna wa mutum hanya. Kaɗan ne ƙwarai suka ga Adis Ababa. An ƙidaya raƙuman, tunda da kuɗin gwamnati aka saye su, akwai wanda zai ba da lissafi. Masu jan su kuwa ba sojoji ba ne, ba su da lambar soja, don haka da aka biya su ladansu maganarsu ta ƙare.

Yaƙin ya yi kyau fiye da zato. Da farkon Afrilu garin Debre Markos ya faɗa hannunsu, ranar 5 ga Mayu 1941 sarki ya shiga Adis Ababa. Wani abin da yake ba ni sha'awa shi ne, a daidai wannan lokaci wasu masu jin Hausa suna tahowa ta kudu. Birged ta 23 ta sojan Nijeriya ita ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, ta kutsa har Harar. 'Ya'yan waɗanda suka zauna a gida da 'ya'yan waɗanda suka yi hijira don guje wa Nasara, duk suka tarar da kansu suna yi wa Nasaran yaƙi a ƙasa ɗaya.

Sai aka zo rabon yabo. Wingate ya sami ƙari a kan lambarsa ta DSO. Boustead ya sami DSO. Wilfred Thesiger, wanda daga baya ya yi suna da littattafan tafiye-tafiyensa a hamada, shi ma ya samu. Ba na cewa ba su cancanta ba. Amma a watan Yuni aka rushe rundunar, aka mayar da Wingate muƙamin manjo aka tura shi Alƙahira, kuma sananne ne a tarihinsa cewa ya fusata saboda an yi biris da buƙatarsa ta a ba mutanensa lambobin yabo, an kuma yi ta jan ƙafa a kan kuɗaɗen da suke bi. Manyansa ba sa ƙaunarsa, shi ma bakinsa ba ya da linzami. Rigimar manya ce, amma wanda ta ci shi ne kurtun da sunansa yake cikin takardar da ba a sa wa hannu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kakana na wajen uba yana cikin wannan bataliya. Ya rasu ina yaro, abin da na riƙe a kansa yawanci daga bakin ƙanwar mahaifina ne. Ta ce a hare-haren dare da suka riƙa kaiwa kusa da Debre Markos, ya koma cikin wuta ya goyo wani abokinsa da aka harba a cinya, kuma washegari Baturen da yake kansu ya ce masa ya rubuta sunansa. Ya dawo gida ya koma gonarsa, ya jira. Abin da ya bari shi ne takardar sallama guda ɗaya, da Larabci da Turanci, ta yi laushi kamar tsumma don yawan ninkewa. A wajen ƙabila an rubuta Fallati. An rubuta sunansa da na ubansa kawai, sunaye biyu da za ka sami mutum goma masu irinsu a kowace kasuwa. Gurbin lambobin yabo kuwa fari fat.

Na taɓa ce mata, "Gwaggo, ko da an samo mindar nan, ai ƙarfe ne kawai, ba a sayen buhun dawa da shi." Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ƙarfe nake nema? So nake a rubuta."

Daga nan na shiga bin diddigin yadda ake gyara irin wannan takarda, kuma abu na farko da ya kamata mai nema ya gane shi ne minda iri biyu ce. Akwai ta halarta, wadda ake ba duk wanda ya yi aiki a fagen yaƙi kaza tsakanin rana kaza da rana kaza. Irinta ce Tauraron Afirka da aka ƙirƙiro a 1943, wadda ta haɗa da waɗanda suka yi yaƙi a Sudan da Habasha da Eritriya da Somaliya. Wannan haƙƙi ce. In takardar aiki ta nuna mutum yana wurin, magana ta ƙare, kuma har yau ofishin mindoji na ma'aikatar tsaron Birtaniya yana aika wa magadan sojojinta irin waɗannan in ba a taɓa karɓa ba. Sai ta jaruntaka, wadda sai hafsa ya rubuta shawara, ta hau daga tebur zuwa tebur, a amince, a buga suna a jaridar gwamnati ta London Gazette. In ta maƙale a tebur ɗaya, shi ke nan. Birtaniya kuma tana da tsohuwar ƙa'ida cewa ba a waiwayar irin wannan bayan shekara biyar, hujjarsu ita ce waɗanda suka ga abin da idonsu sun fi na baya sanin wanda ya cancanta. Hujjar tana da ma'ana in an ɗauka cewa masu hukuncin farko sun auna kowa da mudu ɗaya. A 2019 aka fito da takardun da suka nuna garatutin ƙarshen yaƙi a rundunonin gabashin Afirka: farin soja maras igiya sule goma a kan kowane watan aiki, baƙi mai muƙami ɗaya da shi sule uku da sisi. Mudun ke nan.

Sannan ga wahalar inda takardun suke. Rundunar Tsaron Sudan ta gwamnatin Sudan ce, ita ta rikiɗe ta zama sojan ƙasa da aka sami 'yanci a 1956, don haka mai neman fayil ɗin soja ɗaya Kartum zai fara dosa. Shawarwarin lambobin jaruntaka da littattafan da rundunoni suke rubuta abin da ya faru kowace rana suna gidan ajiyar takardun Birtaniya a Kew. Wasiƙu da hotuna da rubuce-rubucen Turawan da suka yi mulkin Sudan suna Jami'ar Durham, wadda ta fara tara su a 1957. Manomi a ƙauyen Dindir, wanda zuwa Sinja ma sai ya yi shiri, yaya zai haɗa waɗannan wurare uku? Ni da na yi boko, a wani ofishi da na je da kwafin takardar, ma'aikacin ya juya ta gaba da baya ya tambaye ni shekarar haihuwar mai ita. Na ce ba a rubuta ba. Ya ce to a cikin masu wannan suna wanne ne nawa? Ba wulaƙanci ya yi mini ba, tambayar gaskiya ce. (A Sudan, in ka ga tsoho da takarda, sau da yawa ranar haihuwarsa 1 ga Janairu ce, don ƙiyasi aka yi masa.)

Kada a ce gyara ba ya yiwuwa, don an yi a wasu wurare. A Amurka babu baƙin soja ko ɗaya da ya sami babbar lambar jaruntakar ƙasar a yaƙin duniya na biyu. Rundunar sojan ta sa masana suka sake bin fayiloli, kuma a Janairu 1997 Shugaba Clinton ya ba mutum bakwai. Ɗaya kaɗai, Vernon Baker, yake da rai ya karɓa da hannunsa. Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka tun 1959, cikinsu har da na Nijar, sai bayan shekara kusan hamsin ta daidaita. Ita kanta Birtaniya mai ƙa'idar shekara biyar, a ƙarshen 2012 ta amince da sabuwar minda ga waɗanda suka raka jiragen ruwa zuwa Rasha ta tekun ƙanƙara, shekara 67 bayan yaƙi. A Afrilu 2021 kuma ministan tsaronta Ben Wallace ya nemi afuwa a majalisa, bayan wani rahoto ya nuna aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko ba a rubuta sunansu a kabari ko allon tunawa ba. A duk waɗannan, akwai waɗanda suka tsaya suka yi ta naci shekara da shekaru, suna da lauyoyi da 'yan jarida da 'yan majalisa. Mu ba mu taɓa tsayar da kowa ba.

Abin da Gwaggo take nufi da "a rubuta" ya fi ƙarfin gidanmu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ƙarshen 1897 a matsayin ma'auni: wanda kakanninsa suke zaune a Sudan tun lokacin, shi ne ɗan ƙasa na asali. Mutanen Mai Wurno sun iso bayan haka da shekara tara. An sassauta dokar daga baya, amma kalmar baƙo ta riga ta manne. A Yuli 2022, da Hausawan jihar Nil Azrak suka nemi a ba su masarauta a tsarin sarautun gargajiya, rikici ya ɓarke, aka kashe fiye da mutum ɗari, a Oktoba kuma aka sake kashe wajen ɗari biyu a Wad al-Mahi. Maganar da take ƙarƙashin duka ita ce wa yake da ƙasa. Mutumin da ake ce wa baƙo, in yana da takardar hukuma da ta ce kakansa ya tsare wannan iyaka a 1941 lokacin da Kurmuk take hannun Italiya, ba za ta hana a ƙona masa gida ba, amma tana canza yadda ɗansa zai tsaya a gaban alƙali da a cikin aji.

Yanzu lokaci ya ƙure ta fuska biyu. Masu shaidar gani da ido sun ƙare, 'ya'yansu ma sun tsufa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma ya fara ne daga tsakiyar Kartum inda ma'ajiyun gwamnati suke, ya ci Wad Madani a Disamba, ya iso Sinja da Dindir a tsakiyar 2024. Jama'a suka watse zuwa Gadarif da abin da hannu zai iya ɗauka. Gwaggo ta naɗe takardar a leda ta ɗaura a ƙugu. Na san gidaje biyu a unguwarmu da irin tasu ta tafi tare da akwati.

Don haka na rage buri. Lambar jaruntaka ƙofarta a rufe take. Abin da nake bi yanzu shi ne a cike gurbin mindar halarta, in kuma an sami shawarar da Baturen ya ce ya rubuta, a ba mu kwafinta ko da ba a taɓa amincewa da ita ba. Na ɗauki hoton takardar da waya na aika wa 'yan'uwa uku a ƙasashe uku. Na kuma sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ina bin tsofaffin da muka haɗu da su a Gadarif ina tambaya: wa ya je Habasha a gidanku, soja ne ko mai raƙumi, daga wane ƙauye, ya dawo ko bai dawo ba. Masu raƙuman sun fi yawa a ciki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya bar takarda.