Haƙƙin Suhba Tsakanin Tsofaffin Ƴan Aji Ɗaya a Ƙasar Maraɗi

Tun da wayar salula ta shiga hannun talaka da basarake, wata al'ada ta yaɗu a Maraɗi da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Tsibiri da Jiratawa, inda mutanen da suka zauna aji ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, sa'an nan zamani ya warwatsa su shekara talatin ko arba'in, suke neman juna ta WhatsApp, su kafa ƙungiya, su yanka wa kansu kuɗin wata-wata, su sa ranar haɗuwa, galibi bayan sallar layya, sa'ad da ma'aikatan Yamai da Damagaram da Tawa suke gida. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, kuma yana da asali a shari'a, domin aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta lissafa abokin da ke gefen mutum cikin waɗanda aka yi umurnin kyautata musu, Zamakhshari kuwa, a tafsirinsa Alkashshaf, ya shigar da abokin neman ilmi a cikin ma'anarta, haka kuma Imamu Gazali ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u domin ladubban ƴan'uwantaka da suhba, ya zayyana haƙƙoƙinta, tun daga na dukiya har zuwa addu'a bayan mutuwa.

To, amma tambayar da ya wajaba a yi ita ce, wane ne abokin da ake nema? Makarantar allo ba ta san aji ba, kowa da inda allonsa ya tsaya, wanda ya sauke da wanda bai wuce izu biyar ba duk almajiran malam ɗaya ne har abada. Lakwal ce ta zo da tsarin tara yara sa'o'in juna shekara shida, sa'an nan ta tankaɗe su da jarrabawar sartifika da ta shiga koleji, kaɗan su haye zuwa birni, kaɗan daga cikin kaɗan su kai lise Ɗan Baskore, sauran kuwa su koma gida ba takarda. A gari irin Jiratawa, wanda ke kudu da Maraɗi a bakin gulbi, da yawa daga waɗannan suka kama noman rani a filin ban-ruwa mai kimanin hekta 500 da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, wasu suka bi alhazan birni fatauci, wasu yunwar 1984 ta kora su Katsina da Kano ba su komo ba, ƴan mata kuwa aka ɗaura musu aure tun ba su gama aji biyar ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, idan aka duba ƙungiyoyin nan da idon basira, sai a tarar jarrabawar da ta raba yara jiya ita ce ke raba dattawa yau. Ana rubuta saƙo da Faransanci, wanda ya bar lakwal tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya yi shiru don kunya; ana yanka jikka biyar a wata, manomin da ke jiran albasa ko tattasai ya nuna ya ja da baya; ana sa taro a babban zaure cikin birni, matar da ke kulle a ƙauye ba wanda ya tuna ya nema mata izni wurin mai gidanta. Ta haka ƙungiya take zama majalisar waɗanda suka yi nasara, alhali kuwa wanda ya fi buƙatar a tuna da shi yana waje.

Wani zai ce ai ba a tilasta zumunci, kuma mutum ya fi sakewa da wanda suka yi tarayya a sana'a da fahimta. Na yarda akwai gaskiya a nan, ban kuma ce haramun ne likitoci da malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo su zauna su kaɗai ba. Sai dai wannan abota ce ta zaɓi, wadda mutum ke ƙullawa yau ya kwance gobe, haƙƙin suhba kuwa ya riga ya tabbata tun ranar da mushe, malamin lakwal, ya zaunar da ku benci ɗaya, bai kuwa faɗi don ɗayanku ya faɗi jarrabawa ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin waɗannan ƙungiyoyi, Allah ya ƙara musu himma, su je wurin darektan makarantarsu ta fari su nemi rajistar ajin farko, su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, masu rai a kai musu goron gayyata har gida, waɗanda suka rasu a ziyarci marayunsu, a yi magana da Hausa, a bar kowa ya ba da gwargwadon ikonsa, kuma taron bana a yi shi a gari irin Jiratawa.