Ƙurajen fuska: abin da ke kawo su da yadda ake magance su

Ƙurajen fuska suna fitowa ne idan maiƙon jiki da matacciyar fata suka toshe ƙofofin gashi. Daga nan ƙwayar cutar Cutibacterium acnes ta hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura, wani lokaci ya tara mugunya. Sun fi yawa a lokacin balaga, kuma ba ƙazanta ke kawo su ba.

Manya ma suna fama da su, musamman mata gab da al'ada ko lokacin juna biyu. Wani sanadin shi ne man bilicin mai ɗauke da kortikoyid, irin su clobetasol. Da farko yana haska fata, daga baya ya feso ƙuraje, fatar kuma ta yi rauni.

A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar zafi, ba tare da dirzawa ba. Ƙananan ƙuraje suna jin maganin shafawa kamar benzoyl peroxide ko adapalene, amma sai an yi sati 6 zuwa 8 kafin a ga sauƙi. Masu tsanani sai likitan fata, wanda kan rubuta doxycycline ko isotretinoin. Mai ciki kada ta sha su, domin isotretinoin yana nakasa jariri.

Matsa ƙurji yakan bar tabo. Baƙin tabo yakan dushe cikin watanni, musamman idan ana kare fuska daga rana. Tabo mai rami kuwa ba ya gogewa da man shafawa, sai aikin likita.