Mazubin Ruwa Mai Tsarki: Daga Ƙofar Coci Zuwa Kasuwar Gwanjo

Ya kai mai karatu, sau nawa ka tsoma yatsa a ruwa mai tsarki a ƙofar coci, ka yi alamar gicciye, ba ka dubi mazubin ba? Tsaya ka dube shi yau, domin ya yi doguwar tafiya.

Asalinsa a farfajiya yake. Wajen shekara ta 315, Yusibiyus, bishof na Kaisariya, ya bayyana sabuwar majami'ar birnin Taya, inda aka tanadi ruwa a tsakar fili domin masu shiga su wanke jikinsu. Tsohuwar majami'ar Bitrus a Roma ma tana da irin wannan maɓuɓɓuga. Sannu a hankali wankin ya ragu zuwa tsoma yatsa, mazubin ya ƙanƙance, ya matso bakin ƙofa, ma'anarsa kuwa ta zama tunawa da baftisma.

Daga nan gwanaye suka shiga ƙawata shi. A cocin San Sulpis da ke Faris akwai manyan ɓawo biyu na wata halittar teku, waɗanda hukumar Benis ta bai wa Sarki Faransuwa na Ɗaya; a ƙarni na 18 masassaƙi Pigal ya ɗora su a kan gindin marmara. Talakawa ma ba a bar su a baya ba. Tun daga ƙarni na 17, maginan tangaran a Faransa, Sifen da Italiya suka riƙa ƙera ƙananan mazubai masu siffar gicciye, ko Budurwa Maryamu, ko mala'ika. Akan rataye su a bakin ƙofar ɗaki ko kusa da gado, a shafa ruwan kafin barci, a yayyafa wa mai jinya.

Yau da yawansu sun bar waɗannan ɗakuna. Masu tara kayan tarihi suna sayensu a gwanjo, suna duba tambarin magini, suna rage kuɗi idan akwai tsagewa. Sun cancanci godiya, domin sun ceci da yawa daga juji. Amma a bangonsu mazubin a bushe yake, kuma gefen da yatsu suka goge, wanda ke karya farashi, shi ne shaidar addu'ar mutanen da aka manta sunansu.

Saboda haka, idan na gidanka na roba ne, kada ka raina shi. Zuba masa ruwa, ka koya wa 'ya'yanka tsoma yatsa.