Barandar Otal Inglaterra da Baƙin da Ta Gani

A tsakiyar Habana, babban birnin Kuba, akwai wani otal mai suna Inglaterra da ya buɗe ƙofarsa ranar 23 ga Disamba 1875, kuma har yau yana karɓar baƙi. Babu otal a ƙasar da ya girme shi cikin waɗanda ke aiki. Filin da aka gina shi a da bayan gari ne, domin a lokacin Habana birni ne mai ganuwa kamar Kano ko Zariya, da ƙofofin da ake rufewa idan dare ya yi. Har gobe ana buga igwa da ƙarfe tara na dare daga sansanin La Cabaña, al'adar da ta samo asali daga sanar da rufe ƙofa. A 1863 aka fara rushe ganuwar, masu hannu da shuni suka yi ta gine-gine a gefen titin Prado, bayan gari ya koma cibiyar gari.

Abin da ya sa na sauka a can ke nan. Daga ƙofar otal ɗin kana hango ginin Capitolio na 1929, babban gidan wasan kwaikwayo yana maƙwabtaka da shi, tsohon gari kuwa tafiyar ƙafa ce. Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne barandar da ke bakin titi, mai ginshiƙai, inda ake jera tebura makaɗa suna ta aikinsu tun daga hantsi. A jikin bangon akwai wani allon tagulla da yawancin masu wucewa ba sa ko ɗaga kai su kalla, ɗauke da sunan Nicolás Estévanez.

Kafin a gina otal ɗin, gidan shan gahawa ne a wurin, ana ce masa El Louvre, kuma samarin Habana masu ƙin mulkin Sifaniya nan ne matattararsu. Ranar 27 ga Nuwamba 1871 aka harbe ɗalibai takwas masu koyon aikin likita a ƙarshen titin Prado, kusa da bakin teku, bisa zargin sun ɓata kabarin wani ɗan jaridar Sifaniya, Gonzalo Castañón. Zargin ƙarya ne, 'yan sa-kai masu goyon bayan mulkin mallaka ne suka matsa sai an zubar da jini. Estévanez kyaftin ne a sojan Sifaniya. Yana wannan baranda labarin ya iske shi, ya fito fili ya yi tir da kisan, daga baya ya tuɓe kaki. Na daɗe a tsaye gaban allon nan. Mutum ya tsaya a bainar jama'a ya ce nasa ne suka yi zalunci, alhali birnin cike yake da masu bindiga da ke neman wanda za su huce a kansa, ba ƙaramin abu ba ne.

A 1879 José Martí, jagoran fafutukar 'yancin Kuba, ya yi jawabi mai zafi a wata liyafa a nan, kafin shekarar ta ƙare aka tasa ƙeyarsa zuwa Sifaniya. Mutum-mutuminsa na farin dutse yana tsaye a dandalin da ke fuskantar otal ɗin tun 1905, a gurbin na Sarauniya Isabel ta Biyu.

Baƙon da ya fi tsaya mini a rai shi ne Antonio Maceo. Janar ne na 'yan tawaye, jinin baƙar fata, ɗan Mariana Grajales, wanda ya yi yaƙin shekara goma daga 1868 zuwa 1878, jikinsa duk tabon harsashi. Da sauran shugabanni suka sa hannu a sulhun Zanjón da Sifaniya, shi ya ƙi. Ranar 15 ga Maris 1878 a Baraguá ya faɗa wa Janar Martínez Campos na Sifaniya ido da ido cewa ba ya karɓar sulhun da babu 'yancin ƙasa a ciki, babu kuma 'yanta bayi. To wannan mutumin ne hukuma ta ba izinin shigowa a farkon 1890, ya kama ɗaki a Inglaterra ya zauna watanni.

A duba lokacin. Sai a 1886 aka soke bauta a Kuba, wato otal ɗin ya shekara sha ɗaya yana hidima ga masu gonakin rake tun bayi na hannunsu. Da yawa daga cikin bayin nan Yarabawa ne, ana ce musu Lukumi, wasu kuma an ɗebo su ta tashar Kalaba, ana ce musu Karabali. Jikokinsu ne za ka gani yau a Prado, wasu cikin fararen kaya tun daga ɗankwali har takalmi. A 1890 gidajen abinci da na gahawa na iya korar baƙin mutum ba wanda zai ce uffan, sai a 1893, bayan gwagwarmayar su ɗan jarida Juan Gualberto Gómez, gwamna ya ba da umarnin a daina. Amma ga Maceo yana sauka daga bene cikin kwat, samarin baranda, yawancinsu 'ya'yan Turawa masu hali, suna rububin gaishe shi, suna raka shi duk inda ya sa ƙafa don kada a cuce shi. Hukuma ta gane abin da yake ƙullawa, a watan Agusta ta kore shi daga tsibirin.

Shekara biyar bayan haka wani matashin hafsan Ingila, Winston Churchill, ya kwana a otal ɗin a Nuwamba 1895. Ya zo kallon yaƙin neman 'yanci da ya sake ɓarkewa ne yana aika wa jaridar Daily Graphic rahoto, ya bi rundunar Sifaniya zuwa daji, a can ya cika shekara 21, a can kuma ya fara jin ƙarar harsashi kusa da kunnensa, daga mayaƙan da Maceo da Máximo Gómez ke jagoranta. Martí ya riga ya faɗi a fagen fama a watan Mayun shekarar, Maceo ya bi shi ranar 7 ga Disamba 1896. Masu zagayawa da baƙi sun fi saurin ambaton Churchill, don shi Turawa suka sani. Ni abin yana sosa mini rai, domin shi ɗan kallo ne na 'yan makonni, wancan kuwa ransa ya bayar.

A 1981 gwamnati ta sa otal ɗin cikin kayan tarihin ƙasa. Falonsa na ƙasa har yanzu lulluɓe yake da tayil masu zane irin na Andalus, shuɗi da kore da ruwan ƙwai, da tagogin ƙarfe masu murɗe-murɗe. Sai dai tambayar wa ke da ikon kwana a ciki ba ta mutu da zamanin Sifaniya ba. Bayan rugujewar Tarayyar Sobiyet, da Kuba ta koma dogaro da kuɗin masu yawon buɗe ido, an hana 'yan ƙasa kama ɗaki a irin waɗannan otal-otal, ko da kuɗinsu a hannu. Shugaba Raúl Castro ne ya ɗage hanin a ƙarshen Maris 2008. Ko a ranar da aka ɗage shi, kuɗin kwana ɗaya a Inglaterra ya fi albashin wata na malamin makaranta ko likitan gwamnati.