Labarin Kalmar Ci Gaba da 'Yan'uwanta

Duk wanda ya iya karatu, ko kuwa ya saba da sauraron rediyo, da wuya ya wuni bai gamu da kalman nan "ci gaba" ba. Mai neman ƙuri'a da ita ya ke buɗe jawabinsa, malamin gona da malamin asibiti da ita su ke rufe nasu. Ga kuma 'yan'uwanta, watau bunƙasa, da gyara, da sawaba, da raya ƙasa. Mutum ya kan zaci duk abu guda su ke nufi, alhali kuwa kowace da zamanin da ta yi tashe, da abin da mutanen wannan zamani su ke bukata sa'ad da su ke faɗinta. In mun bi tarihinsu za mu gane abin da kakanninmu suka ɗauka shi ne ƙaruwa, mu kuma sami ma'aunin da za mu auna maganar wanda ya zo mana da su yau.

Mu fara da ita ci gaban kanta. Ma'anarta ta fari maganar hanya ce, watau mutum ya yi ta tafiya bai tsaya ba. A zamanin da, fatake su kan tashi daga Kano ko Katsina da jakai da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja, su yi watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga, cikin ƙasar da a ke kira Gana yanzu, sa'an nan su komo da goro. Kowane ayari da madugunsa, da kuma jagabansa. Jagaba shi ke wucewa gaba ya duba hanya, ya san inda mashaya ta ke, da inda za a yi zango. In an huta, dabbobi sun sha ruwa, sai madugu ya ce a ɗaura kaya a ci gaba. To, abin lura a nan shi ne, ba wanda ya ke cewa a ci gaba sai an san garin da aka nufa. Ayarin da ke tafiya bai san zangonsa ba, ba a cewa ya ci gaba, sai a ce ya ɓata.

Daga wannan "gaba" ne muka sami shugaba, wanda ya shige gaba jama'a na biye. Daga nan kuma muka sami magabata. Dubi hikimar Bahaushe! Kakanninsa da suka riga mu gidan gaskiya bai ce suna bayansa ba, cewa ya yi suna gabansa, shi ne ɗan baya mai bin sawunsu.

A zamanin sarakunan Hausa na da, in ana son yabon gari sai a ce ya bunƙasa, ko ya yi albarka, ko ya cika. Ma'aunin kuwa a fili ya ke: faɗin ganuwa, da cikar kasuwa, da yawan baƙi. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne babban misali. Ya ƙara faɗin ganuwar birni, ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarauta wanda har yanzu a ke kira Gidan Rumfa. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano, ya rubuta littafi a kan abin da ya wajaba ga sarki. Garin da baƙo ya shigo da dukiyarsa ya kwana lafiya, ya sayar, ya koma gida ya ba da labari, shi ne garin da ya bunƙasa. Amma fa bunƙasa yabon birni ce da sarkinsa. Ba ta tambaya yadda talakan ƙauye ya kwana.

Wannan tambaya Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya ɗaga ta da ƙarfi. An haife shi a 1754, ya yi shekaru yana yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a 1817. Kalmomin jama'arsa su ne gyara, da jaddada addini, da raya sunna, shi ya sa a ke kiransa Mujaddadi. Ɗaya daga cikin manyan littattafansa ma sunansa Ihya'us Sunna, watau raya sunna. A wurinsu al'amari ba ya kyautatuwa don an ƙaro sabon abu, sai in an kau da ɓarnar da ta shiga cikinsa an mai da shi bisa asalinsa, kamar yadda a ke yashe rijiya in ta cushe. Shehu ya soki harajin zalunci, da cin hanci a wurin shari'a, da barin mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta naɗa jajoji, mata masu ilimi, suna bi ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata. Daga wannan zamani muka gaji sanin cewa kyautatuwar ƙasa ba ta tsaya ga ganuwa da kasuwa ba, sai an haɗa da adalci.

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai wata kalma ta cika bakin mutane, ita ce zamani. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, har aka riƙa tara buhuna kamar duwatsu ana kiransu dalar gyaɗa. Aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Duk abin da ya zo ta wannan hanya sai a ce na zamani ne, ko mota, ko asibiti, ko kuɗin takarda. Amma Bahaushe bai ce wa waɗannan abubuwa gyara ba, bai kuma ce musu ɓarna ba, ya dai ce zamani, kamar yadda a ke cewa damina ko rani, abin da ya zo ba da shawararka ba. Yana kuwa da dalili. Zamanin da ya kawo maganin ciwon barci da allurar agana, shi ne kuma ya kawo aikin tilas, har aka kwashi dubban talakawa zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Cikin wannan zamani ne rubutun boko ya yi ƙarfi. Aka kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam na editanta. Masu rubutu suka bukaci kalmar da za su faɗi halin ƙasar da ke ƙaruwa da ilimi da sana'a da lafiya, sai suka ɗauko maganar nan ta madugu suka ba ta sabon aiki. Da can sai a ce wane ya ci gaba da tafiya, ko da noma, ko da magana. Yanzu kuwa aka shiga cewa ƙasa kaza ta ci gaba, ƙasa kaza tana baya, ba tare da an faɗi inda aka nufa ba. Har ci gaba ya zama suna mai zaman kansa, waɗansu ma suna haɗe shi su rubuta "cigaba".

Da siyasa ta kunno kai, sai kowane ɓangare ya zaɓi kalmarsa. Wajen 1943 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu malamai suka riƙa taruwa a Bauci suna muhawara a kan yadda za a kyautata zaman jama'a. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar ya miƙe a Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e, don talaka ya san haƙƙinsa, ya kuma sami bakin magana. Ka ga tsohuwar kalmar Shehu ta komo, ko da ya ke cikin sabuwar riga. Mutane suka tuna da karin maganar nan, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba da daɗewa ba Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi Yaƙi da Jahilci, manya suka zauna gindin itatuwa da zauruka suna koyon baƙi da wasali.

A ran 8 ga wannan wata na Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Cikin sunanta na Turanci akwai kalmar da ke nufin masu son ci gaba, amma da aka zo ba ta sunan Hausa sai aka ce Jam'iyyar Neman Sawaba. Sawaba kuwa ita ce sauƙin da mutum ke ji in an sauke masa kaya mai nauyi. Waɗanda suka zaɓi kalman nan sun san talakan da ke ɗauke da haraji da jangali da aikin gayya na dole ba gudu ya ke bukata ba tukuna, a rage masa kaya ya ke so. Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta su Sardauna Ahmadu Bello, ita kuwa takenta Salama, don a ganinta tafiya sannu sannu kwana nesa, ba a kuwa ci gaba cikin tashin hankali. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya daga nan ta sami laƙabinta, ta sha ɗauri sabo da neman 'yancin mata, matan Arewa kuwa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976.

Haka ya faru a ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Nijar, inda Faransa ke mulki. A 1946 aka kafa jam'iyyar PPN, ita ma da kalmar ci gaba cikin sunanta na Faransanci. Daga baya Jibo Bakari ya ja tasa jam'iyyar, wadda ta shahara da sunan Sawaba. Ita ce ta nemi mutane su ƙi zama ƙarƙashin Faransa a ƙuri'ar 1958, ba ta yi nasara ba, aka haramta ta a 1959.

Bayan Nijar da Nijeriya sun sami mulkin kai a 1960, kalmar da ta hau gaba ita ce raya ƙasa. Gwamnati ta riƙa tsara ayyuka na shekaru, tsari na fari a Nijeriya ya kama daga 1962 zuwa 1968. An kuwa ga abin kirki. Masaƙar Kaduna ta fara aiki tun 1957, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka soma ilimin firamare kyauta ga kowane yaro a 1976. 'Ya'yan waɗanda suka koyi karatu a ajin Yaƙi da Jahilci suka zama likitoci da alƙalai da injiniyoyi. Wanda ya ce wannan ba ƙaruwa ba ce ya yi butulci.

Amma akwai abin da ya kamata a tuna. A 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, don a yi noman rani. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane, aka karɓe waɗansu gonakin don shimfiɗa hanyoyin ruwa, biyan diyya ya yi ta jinkiri. Manoman fadama da ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da su ke noman shinkafa da ita. Da manoma suka gaji da kai kuka, sai suka tare hanyoyin wurin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka aika da 'yan sanda, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Aikin nan da sunan ci gaba aka yi shi, amma ba a zauna da masu gonakin an ji ta bakinsu ba. Cikin waɗannan shekaru kuma, da kuɗin man fetur ya shigo aka yi sakaci da noma, ga fari ga cutar gyaɗa, sai dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Masaƙun Kaduna su ma daga baya suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan Bahaushe ya riga ya yi masa suna tun da daɗewa, ya ce ci gaban mai haƙan rijiya, kullum yana aiki, kullum yana yin ƙasa.

To, ya kai mai karatu, ka ga yadda kalmomin nan suka biyo juna. Bunƙasa ta dubi birni da kasuwa, gyara ya dubi adalci, sawaba ta dubi nauyin da ke kan talaka, raya ƙasa ya dubi makarantu da masana'antu. Ci gaba kuwa ya haɗiye su duka, shi ya sa ya ke da daɗin faɗi, shi ya sa kuma a ke iya ɓoye abubuwa da yawa a cikinsa. Ba a ce ka ƙi shi ba, gama wanda ya zauna a zango ayari ya wuce, kura ce abokiyar hirarsa. Sai dai in wani ya zo garinku ya ce ya kawo ci gaba, yi masa tambayar da kowane falke ke yi wa madugu kafin ya ɗaura wa jakinsa kaya. Ina muka nufa? Wa zai ɗauki nauyin tafiyar? In an isa, da wa da wa za a raba ribar? Madugun kirki ba ya fushi da wannan tambaya. Yanzu da ka iya karatu, kana iya duba takardar da aka kawo kafin ka sa hannu, kana kuma iya rubuta kukanka ka aika inda za a ji. Allah ya ba mu shugabanni masu sanin hanya, ya sa gabanmu ya fi bayanmu kyau, amin.